BA JUYA BA CE, CIWO GARE TA

Jama'a, akwai maganar da ake rufewa a gidajenmu na Gobarau da sauran unguwannin birnin Katsina, yau za mu tone ta. Yarinya ce al'adarta takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, ga ƙuraje a fuska, gashi ya tsiro a haɓa, bayan wuya ya yi baƙi, jiki yana ta nauyi. In ta yi aure aka shekara biyu shiru, sai dangin miji su ce juya ce, wasu su ce namijin dare ne ya aure ta. Daga nan sai gidan boka, sai kishiya, sai takardar saki.

Alhali kuwa ciwo ne sananne. Tun 1935 likitoci biyu na Amurka, Stein da Leventhal, suka bayyana shi, aka kuma san shi da sunan PCOS. Sinadaran jiki ne ke rikicewa, irin na maza ya yi mata yawa, ƙwai ya ƙi nuna balle ya fito kowane wata. Yana kama kusan mace 1 cikin 10, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har 70 cikin 100 na masu shi ba su san suna da shi ba.

Ba ya warkewa ɗungum, amma ana shawo kansa. Mai kilo 80 in ta rage 4 ko 5, ta rage sukari da lemon kwalba, sau da yawa al'ada takan daidaita. Akwai ƙwayoyin da likita ke rubutawa, kamar metformin, da letrozole mai sa ƙwai ya fito. Da dama sun haihu. In an ƙyale shi kuwa, ciwon sukari na nan yana jira.

Ku 'yan'uwanmu 'yan kasuwa masu sayar wa 'yan mata sha-ka-fashe don su yi ƙiba, ku ji tsoron Allah. Ga mai wannan ciwo, fetur kuke zuba wa wuta.

Mahukunta fa? Likitocin mata suna nan a Asibitin Turai 'Yar'aduwa da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Mai kuɗi ya kai 'yarsa yau, a yi mata hoton ciki da awon jini. Mu talakawa fa, da abin da ke cikin aljihunmu bai kai kuɗin cefane ba? Ran zaɓe an san ƙofar gidanmu sarai.

Muna neman a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa gane alamun ciwon nan, a sauƙaƙa kuɗin awo, a kuma bayyana shi da Hausa a rediyo da makarantun 'yan mata. Kai kuma maigida, kafin ka rubuta takarda, ku je asibiti tare, kai ma a auna ka.