Ƙarfen Da Ba Ka San Asalinsa Ba

A watan Satumba na 1987, a birnin Goiania na ƙasar Brazil, wasu mutum biyu suka kwance wata na'urar gashin cutar daji daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka sayar wa dillalin tsofaffin ƙarafa. A cikinta akwai garin siziyom-137, mai shuɗin haske cikin duhu, aka riƙa raba wa dangi ana sha'awa. Mutum huɗu suka rasu, ciki har da yarinya 'yar shekara shida. An auna kimanin mutum 112,000, aka samu 249 sun gurɓata.

Mai karatu, lura da yadda wannan guba take kisa. Tana lalata ɓargo, inda jiki ke samar da jini. In ƙwayoyin daskarar da jini suka ragu, jini ya ƙi tsayawa. In fararen ƙwayoyi suka ƙare, ƙaramar cuta ta zama ajali. Ƙarin jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna taimakawa matuƙa, amma sai likita ya gano asalin ciwon, kuma a Goiania an fara ɗora laifin kan abinci.

A ganina, bai kamata wannan sani ya tsaya a ɗakin bincike ba. Koya wa iyalinka, musamman mai sana'ar gwangwan, alamar nan mai fikafikai uku kamar fanka bisa ruwan ɗorawa. In amai, gudawa da ƙuna ba wuta suka kama mutanen gida bayan shigo da baƙon ƙarfe, ku nisance shi, ku gaya wa likita labarinsa tun kafin ya tambaya.