Diyya Daban, Toshiyar Baki Daban

A shekarar 1998, a birnin Landan, wata ma'aikaciya mai suna Zelda Perkins ta sa hannu a kan wata takarda, aka ba ta fam 125,000. Ita ce mataimakiyar Harvey Weinstein, hamshaƙin mai shirya finafinai na Amurka, wanda abokiyar aikinta ta zarga da yunƙurin yi mata fyaɗe. Takardar ta hana Zelda faɗa wa kowa abin da ta sani. Ko likita za ta gani game da al'amarin, sai shi ma ya sa hannu cewa zai yi shiru. Ba a ma yarda ta riƙe kwafin takardar ba. Shekara goma sha tara tana ƙunshe da maganar, sai a 2017 ta karya alkawarin. A lokacin mata da dama sun fito da irin wannan zargi a kan mutumin, kuma a 2022 kotu a Los Anjelis ta same shi da laifin fyaɗe.

Irin wannan takarda ita ake kira yarjejeniyar rufe baki. Asalinta ba mugun abu ba ne, domin kamfanoni sun daɗe suna amfani da ita don tsare sirrin sana'arsu. Ɓarnar ta shigo ne sa'ad da masu hali da lauyoyinsu suka mai da ita makamin binne laifi. Wanda aka ci wa mutunci yakan zo teburin sulhu a gajiye, ba kuɗin shari'a, ga tsoron rasa aiki. Sai a miƙa masa diyya da sharaɗin ya yi shiru har abada. Mai laifi ya koma kujerarsa, wanda zai faɗa hannunsa gobe kuwa ba shi da mai yi masa gargaɗi.

Abin farin ciki shi ne majalisun dokoki sun fara farkawa. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2018 wadda ta hana ɓoye gaskiyar abin da ya faru a cikin sulhun ƙarar cin zarafi ta fuskar lalata. A Disamba 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar tarayya da ta hana kotu tilasta sharaɗin shirun da ma'aikaci ya amince da shi tun kafin rigima ta taso. Amma dokar ba ta taɓa takardar da aka ƙulla bayan rigimar ta taso ba, alhali a nan ne aka fi toshe bakin mutane. A 2025 jihar Teksas ta cike wannan giɓi da Dokar Trey, wadda aka raɗa wa sunan wani saurayi da aka lalata yana yaro, aka ɗaure bakinsa da takarda, ya kashe kansa a 2019. A Ingila ma, tun daga Oktoba 2025, ba a iya hana wanda aka yi wa laifi kai magana ga 'yan sanda ko lauya da irin wannan takarda.

Akwai masu sukar waɗannan dokoki, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa idan ba a sayen shiru, masu laifi za su ƙi sulhu, a bar wanda aka cuta da doguwar shari'a. Suna kuma cewa mutane da yawa su da kansu suke son a bar kaza cikin gashinta, don gudun surutun jama'a. Amsar wannan tana cikin dokar lardin Tsibirin Yarima Edward na Kanada, wadda ta fara aiki a 2022. Ba ta haramta sirri ɗungurungum ba. Cewa ta yi ba za a ƙulla shi ba sai in wanda aka cuta ne ya so, bayan an ba shi damar neman shawarar lauya mai zaman kansa, ba tare da matsi ba. Wato sirrin nasa ne, shi ke da ikon rufewa ko buɗewa.

A Nijeriya akwai dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, amma sau da yawa magana ba ta kaiwa gabanta. A ofis ko a makaranta akan kira iyaye, a ba da ɗan abin hannu, a ce a rufa asiri. Ko da takarda ko babu, manufar ɗaya ce. Ya kamata ma'aikacin da aka kawo wa ƙara, da ɗalibin da zai zama lauya ko alƙali gobe, su riƙe wannan: diyya haƙƙin wanda aka zalunta ne saboda cutar da aka yi masa, ba farashin bakinsa ba ce. Rufin asirin da ke kare azzalumi haɗa kai ne da zalunci, kuma wajibi ne masu yin doka su hana shi.