ZAIBA, GUBAR DA ƘASA KE ƁOYEWA

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya, domin akwai maganar da ta fi shi nauyi, wato maganar zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da Turawa ke kira makuri.

Kowa ya san abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ita dalma ta yi kisa ido na gani, shi ya sa duniya ta ruɗe. Amma a wuraren haƙar zinaren nan akwai ƙanwarta da ba ta gaggawa. Idan mahaƙa suka niƙa dutse suka wanke, sai su zuba zaiba ta kama zinare, su matse a ƙyalle, su ɗora dunƙulen a kan wuta. Zinare ya tsaya, zaiba ta tashi ta bi iska. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna cewa irin wannan haƙa ta hannu ita ce kan gaba wajen sakin zaiba a iska, fiye da kashi ɗaya cikin uku.

To ina take zuwa? Tana iya yin watanni tana yawo a sama. Ganyen bishiya yana shaƙarta kamar yadda yake shaƙar iska, ya bushe ya faɗi, ya ruɓe, sai ta manne a baƙar ƙasar da ke gindin itatuwa. A 2022 masana sun fitar da binciken da suka yi a dajin Amazon na ƙasar Peru, kusa da masu haƙar zinare, suka tarar dajin da ya fi duhu shi ya fi tara ta, har a jikin tsuntsaye. Zaiba ba ta ruɓewa. Ƙasa ajiye ta take yi shekara da shekaru.

Dazukanmu, irin su Kamuku da Kuyambana, ba su kai Amazon duhu ba, amma ganye ganye ne. Kuma mu muna da halinmu. Duk rani sai mun cinna wa daji wuta, mun sare itace mun yi gawayi. Wuta tana mayar da zaiba sama, ruwan damina kuma ya kwashe ƙasar da aka tsiraita zuwa rafi da fadama. A cikin laka ƙwayoyin cuta suke juya ta ta zama guba mafi muni, ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye shi, mu kuma mu saya. Suya ko banda ba sa fitar da ita. Wanda ta fi yi wa illa shi ne ɗan da ke ciki, domin ƙwaƙwalwa take taɓawa. Mutanen Minamata a Japan sun ga haka tun 1956, ta hanyar kifi.

Wani zai ce mu mutanen Basawa da Samaru me ya dame mu, tunda ba mu da ramin zinare? Birnin Gwari dai a jiharmu take, iska ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba, kuma kifin da ke kasuwar Sabon Gari ba ya zuwa da takardar shaidar ruwan da ya fito. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni ban ce a hana talaka neman abinci ba. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa a Zamfara a 2019, ta ɗage a ƙarshen 2024, yunwa kuwa ba ta jin doka. Abin da nake kira shi ne a cika alkawari. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata a 2018. Akwai 'yar tukunya mai murfi da bututu da ake ƙona dunƙulen a ciki, tana tare hayaƙin ta mayar da shi ruwa, maƙeranmu za su iya ƙera ta. Mahaƙi ya tsira da huhunsa, ya kuma sake amfani da zaibarsa.

Sannan Allah Ya ba Zariya masana. Ga cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a nan Basawa, ga cibiyar binciken aikin gona a Samaru, ga Jami'ar Ahmadu Bello. A ba su kuɗi su riƙa auna ƙasar daji da lakar fadama da kifin kasuwa, a karanta mana sakamako da Hausa a rediyo, yadda mai ciki a ƙauye za ta ji. Mu ma marubuta, mun cika littattafanmu da sarƙar gwal a akwatin lefe, ya kamata mu fara ba da labarin hannun da ya ƙona ta.

Gonar da za mu bar wa 'ya'yanmu amana ce. Allah Ya ba mu ikon riƙewa, amin.