Kafin Ka Sayi Rikodar Bidiyo, Ka Tuna Hanyar Bagega

Tambayar da matasa masu ɗaukar bidiyo suka fi yi mini a 'yan kwanakin nan ita ce: wace rikoda zan saya in haɗa da kyamarata? Galibi sun ga wani a YouTube ya ɗora Atomos Ninja V a saman kyamara, hoto ya fito tas, sai su ɗauka abin da ya rage musu ke nan. Amsata ba ta yi wa wasu daɗi. Idan aikinka yana kai ka ƙauyukan Anka, Bukkuyum ko Gummi, rikoda ita ce abu na ƙarshe da ya kamata ka saya. Fara da wurin da za ka ajiye abin da ka ɗauka.

Bari in faɗi dalilin da ya sa na kawo Bagega. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu. An tsaftace ƙauyuka bakwai, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma, tana jiran kuɗi. A 2012 Human Rights Watch ta fitar da hotuna da bidiyo daga yankin, matasan Follow The Money suka ɗauki gangamin #SaveBagega, kuma a farkon 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin. Ba bidiyo kaɗai ya kawo wannan ba, amma wanda bai taɓa taka Zamfara ba ta hoto ya ga yaran. Da faifan da ke ɗauke da hotunan ya lalace a hanyar komawa Anka, ba mai iya mayar da ranar baya a sake ɗauka.

To, mece ce rikodar? Na'ura ce da ke karɓar hoto daga kyamara ta waya, ta rubuta shi a faifanta. A zamanin kaset ɗin MiniDV ta yi rana sosai. Kaset ɗaya minti 60 yake ɗauka, kuma kwashe shi zuwa kwamfuta sai ka zauna wani minti 60 ɗin. Shi ya sa na'urori irin su FireStore FS-4, da ake haɗawa ta wayar FireWire, suka samu karɓuwa: awa ɗaya ta DV kusan GB 13 ce kawai, kuma da ka gama ɗauka fayil ɗinka ya zama a shirye. Yau kyamarori a katin memori suke rubutawa, wannan matsalar ta kau. Abin da rikodar zamani ke ƙara maka shi ne inganci na launi, allo babba da ake gani a rana, da tsallake iyakar minti 30 da wasu kyamarorin hoto ke sa wa bidiyo.

Waɗannan amfani ne na gaske, amma suna zuwa da kaya. Kyamarar da ke rubuta megabit 100 a daƙiƙa tana cin GB 45 a awa. Idan ka koma ProRes 422 HQ a 4K, awa ɗaya za ta haura GB 300. Wato faifan TB 1 da zai ishe ka kwana biyu ko uku, yanzu awa uku zai yi ya cika. Ga batir na daban da rikodar ke buƙata, irin NP-F, a garin da caji ya dogara da sola ko janareton mai shago. Ga wayar HDMI, wadda ɗan motsi kaɗan ke iya zare ta ana tsakiyar hira. Duk abin da ka ƙara a jikin kyamara, ka ƙara wani abin da zai iya ba ka kunya.

Sai maganar faifai. Tsohon faifai na HDD yana da faranti a ciki da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti, da wani ɗan hannu da ke shawagi a kansa yana karatu. Idan ya faɗi yana aiki, ko ya sha girgiza a kan babur, hannun zai iya gogar farantin. SSD ba shi da abin da ke motsi ko ɗaya. Samsung T7 Shield, alal misali, yana da shaidar IP65 ta kariya daga ƙura da feshin ruwa, kuma saurinsa ya kai kusan MB 1,000 a daƙiƙa, alhali HDD na aljihu da ƙyar yake wuce 130. Ga mai aiki cikin ƙurar hunturu da zafin bazara, zaɓin a fili yake: SSD a fagen aiki.

Na san abin da za a ce: SSD tsada. Gaskiya ne, kuɗin SSD na TB 1 zai iya saya maka HDD mai ninkin wannan girman. Kuma SSD ma ba ya hana ƙaddara. A 2023 kamfanin Western Digital sai da ya fitar da gyaran manhaja bayan wasu faifan SanDisk Extreme sun riƙa ɓatar wa mutane bayanai. Bugu da ƙari, SSD da aka jefa a akwati shekaru ba a kunna shi ba, musamman a ɗaki mai zafi, yana iya fara rasa abin da ke ciki. Don haka ban ce a jefar da HDD ba. Kowanne da aikinsa: SSD ya bi ka daji, HDD ya zauna a gida a matsayin rumbu.

Wani zai ce ai akwai Google Drive. Mutanen Zamfara ba su manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Ko a ranar da sabis ke da kyau, tura GB 45 ta wayar salula aikin kwana ne da kuɗin data mai yawa. Ajiyar intanet ta zama kwafi na uku idan ka isa Gusau ko Sakkwato, kar ta zama abin dogaro.

Ga tsarin da nake ba da shawara. Ka sayi katunan memori masu kyau da yawa, matsakaita, maimakon babba guda ɗaya. Kowace yamma ka kwafe aikin ranar zuwa SSD, kuma kar ka goge katin sai aikin ya shiga wuri na biyu. Kati a aljihu, SSD a jaka, ko ma a hannun abokin tafiya. Ka tsara faifan da exFAT, domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce GB 4. Kuma duk inda ka saya, ko Farm Centre ko Beirut Road a Kano ko ta intanet, ka gwada shi da manhajar H2testw kafin ka amince. Jabun faifai yana nuna TB 2 a allo alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho ba tare da ya faɗa maka ba.

Abu biyu kuma da ba a rubutawa a jikin kwali. Na farko, faifanka yana ɗauke da fuskoki da muryoyin mutanen da suka yarda da kai, a yankin da magana ke iya jawo wa mutum bala'i. Ka kulle kwafin ajiya da kalmar sirri, ta BitLocker ko VeraCrypt. Na biyu, idan ka yi ɗauka a wurin niƙa dutse, ƙurar da ta hau kayanka tana iya ɗauke da dalma, kuma rikoda mai fanka har cikinta take zuƙar ta. Ka goge kaya da ɗanyen tsumma, ka canza tufafi, kar ka ajiye jakar inda yara ke wasa.

Idan kana shirya fim a Kano, da wuta da mataimaka da mai gyaran launi, sayi rikodarka, za ta biya kuɗinta. Amma idan kai kaɗai ne da kyamara a bayan babur, kuɗin nan ya fi amfani a kan katuna, SSD ɗaya, HDD ɗaya da ƙarin batir. Mai kallo zai yi maka uzuri idan launi bai kai na sinima ba. Uwar da ta zauna ta ba ka labarin ɗanta kuwa, da wane baki za ka koma ka ce mata faifai ya ƙi buɗewa?