WA YA AIKE SHI? DAGA TARA TA GOBIR ZUWA KUJERAR ISA DA SABON BIRNI



Ranar kasuwa da ta wuce muna zaune bakin wani shago nan Tsamaye, ana ta gardamar wa za a ba tikitin majalisar wakilai, wannan ya ce wane, wancan ya ce wane. Wani dattijo da ke gefe yana gyaran igiyar jakinsa ya ɗago kai ya ce, "Ku yara, duk wanga suna da kuka kira, wa ya aike shi? Mu munka aike shi, ko can sama anka aiko muna shi?" Kowa ya yi tsit. Ni kaina da ake kira shugaban matasa ban samu abin cewa ba. Tun ranar maganar take cina, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ko da za ta yi wa wasu manyanmu ɗaci.

Mu Gobirawa ba yau muka fara sanin majalisa ba. Shekara ɗari biyu da 'yan kai da suka wuce, lokacin da Alƙalawa ke tsaye da ganuwarta, nan cikin ƙasarmu, Sarkin Gobir ba ya mulki shi kaɗai. Akwai majalisar manyan sarakuna tara, Tara ta Gobir, irin su Ubandawaki da Galadima da Sarkin Rafi. Su ke zama su zaɓi sabon sarki cikin 'ya'yan gidan sarauta, su ake shawarta kan yaƙi da sulhu. Ga kuma Inna, mace, wadda maganarta ke da nauyi a fada. Kano ma tana da tata Tara tun zamanin Muhammadu Rumfa. Katsinawa kuma, har bayan da suka koma Maraɗi, suna da mutum huɗu masu zaɓen sarki: Ƙaura, Galadima, 'Yanɗaka da Durɓi. Saboda haka duk wanda ya ce muku Bature ne ya koya mana cewa shugaba yana buƙatar majalisa, ku ce masa ya koma ya karanta tarihi.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, don ban zo yin kirari ba. Waɗannan mutum tara, wa ya zaɓe su? Ba manomi ba, ba makiyayi ba, ba mai dakon gishiri ba. Kujera ce ta sarauta, ko ka gada ko sarki ya naɗa ka. Talakan da ke biyan kuɗin ƙasa da Bafulatanin da ke biyan jangali, babu wanda ke zaune a ciki da sunansu. Idan haraji ya yi nauyi, babu ƙofar da kukansu zai bi ya shiga zauren.

To da kukan ya rasa ƙofa, sai ya nemi taga. Ku tuna abin da ya faru a Magami zamanin Bawa Jan Gwarzo, lokacin da sarki ya tara malamai ranar Sallah ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓi dukiya ba, sai ya roƙi wasu abubuwa a madadinta, cikinsu har da a saki fursunoni kuma a sassauta wa talakawa haraji. Ku duba da kyau. Aikin da ya kamata 'yan majalisa su yi, wani malami daga wajen fada ne ya zo ya yi shi. Bawa yana da wayon sarauta, ya saurara. Waɗanda suka biyo bayansa ba su saurara ba. Nafata ya kafa dokar hana rawani da lulluɓi. Zamanin Yunfa aka kai wa mutanen Abdussalami hari a Gimbana. A watan Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto, a 1808 Alƙalawa ta faɗi, Yunfa ya mutu a ciki. Shekara huɗu kacal.

Ni a nawa ɗan karatun, ba ƙarancin dawaki ko jarumai ne ya ci Gobir ba, kowa ya san mu da yaƙi. Abin da ya ci ta shi ne an kai lokacin da waɗanda ke cikin zaure ba su jin abin da ake faɗa a ƙauye, waɗanda ke ƙauye kuma sun samu wani wurin da ake sauraronsu. Sakamakon, kakanninmu ne suka sha shi: watsewa, yawo daga wannan sansani zuwa wancan, Gawakuke a 1836, sannan wasu suka kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Iyakar Najeriya da Nijar ta zo daga baya ta raba mu biyu.

Kada wani ya ce na ɗora laifi a gefe ɗaya. Su ma waɗanda suka yi nasara, wannan tambaya ta wa zai zauna a majalisa ba ta ƙyale su ba. A Gudu jama'a ce ta yi wa Shehu mubaya'a, kuma littattafansa sun soki mulkin gado da ƙarfi ba tare da shawara ba. Amma yaƙi bai ma ƙare ba Malam Abdullahi, ƙaninsa, ya ga yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu, ya bar runduna ya nufi gabas, har ya tsaya Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya nuna yadda ake mulki da shawara. Da Shehu ya rasu a 1817, manyan da ke Sakkwato suka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a ba tare da Abdullahi yana wurin ba, kuma sai bayan wasu shekaru a Kalambaina aka shirya tsakaninsu. Shi kuwa Abdussalami, wanda a kan mutanensa wutar ta fara kamawa, ya ga kason da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba. Ya yi tawaye daga Kware, aka yaƙe shi, ya rasu a farkon 1818. Ba ni da matsayin da zan yanke wa waɗannan bayin Allah hukunci, Allah Ya jiƙansu. Abin da nake nunawa shi ne, idan har a tsakanin irin waɗannan mutane rabon kujera ya iya jawo ɓaraka, to mu su wa da za mu ɗauka za a yi mana ɗauki-ɗora kuma a zauna lafiya?

Bari mu leƙa Ingila a daidai waɗannan shekarun, tunda daga can aka fara kawo mana salon majalisar zaɓaɓɓun wakilai. Majalisarsu tana da kujera 658, amma yadda ake shiga cikinta abin dariya ne. Akwai wani wuri da ake kira Ol Sarum, tsohon gari ne da ya zama kufai a kan tudu, mutane sun tashi tun da daɗewa. Amma wannan kufai yana aika wakili biyu majalisa, masu jefa ƙuri'ar ba su kai ashirin ba, kuma duk wanda ya sayi filin shi ke da kujerun, ya ba wanda ya so. Akwai Danwic, garin da teku ya cinye mafi yawansa, shi ma wakili biyu. Manchesta kuwa, garin nan da kuke kwana kallon ƙwallonsa, cike da masaƙu da dubban ma'aikata, ba ta da wakilinta na kanta ko ɗaya. Su da kansu suka raɗa wa irin waɗancan wurare suna ruɓaɓɓun mazaɓu. A watan Agustan 1819 dubban mutane suka taru a Manchesta suna neman wakilci, aka sako musu sojan doki, aka kashe fiye da mutum goma, ɗaruruwa suka ji rauni. Sai a 1832 aka yi dokar gyara, aka ƙwace kujerun ƙananan mazaɓu 56 gaba ɗaya, aka ba Manchesta wakili biyu.

Yanzu ku dawo gida ku duba. Majalisar wakilai ta tarayya tana da kujera 360, ɗaya cikinsu tamu ce, ta Isa da Sabon Birni. Gunduma 21 ke cikin wannan mazaɓa, 11 a Sabon Birni, 10 a Isa. Daga Gatawa zuwa Tozai, daga Kurawa zuwa Bargaja, ƙauyuka nawa ne suka zama kufai a shekarun nan? Mutanenmu nawa ke zaune cikin makarantu da kangwaye, nawa suka tsallaka jihar Maraɗi? Nawa ke biyan 'yan bindiga haraji kafin su shiga gonar ubansu? A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga bayan duniya duk ta ga bidiyonsa yana neman agaji. Idan basarake mai rawani ya ƙare haka, ina ga mai fartanya?

Ga inda nake jin tsoro. Ƙauye ya watse, amma rumfar zaɓensa tana nan a takarda. Gunduma ta koma rabi, amma deliget ɗinta suna nan cif. Idan mutum uku ko biyar daga kowace gunduma su ne za su yanke wa ke ɗaukar tuta, to duk mazaɓar nan ta koma hannun mutanen da ba za su cika bas biyu ba. Wanda ya saye su ya sayi kujera. Mene ne bambancin wannan da Ol Sarum?

Ba labari nake ba ku ba, da ni aka yi. A wani zaɓen fidda gwani da ya wuce, ina cikin waɗanda aka sa su raka deliget zuwa wani masauki a birni. Aka karɓe wayoyinsu, aka ba su abinci mai kyau, da dare aka shigo da ambulan. Washegari aka faɗa musu sunan da za su rubuta. Ni ma na samu nawa kason, na sayi taki buhu biyu, kuma a shekarar ban iya zuwa gonar na zuba shi ba saboda hanya ba ta biyuwa. Wannan abin yana damuna har yau, kuma na roƙi Allah gafara. Wanda ya shiga majalisa ta wannan ƙofa, don Allah wa zai ji tsoro? Ya riga ya biya. Ubangidan da ya ɗora shi kaɗai yake bi bashi.

Yanzu kuma ana ta raɗe-raɗin maslaha, wai manya za su zauna su fitar da mutum ɗaya don a kauce wa rigima. Ba mu ƙi maslaha ba, sulhu alheri ne. Amma Dokar Zaɓe ta 2022 da kanta ta ce ba a maslaha sai duk 'yan takarar da aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye da son ransu. Maslahar da aka ƙulla a falon wani a Sakkwato ko Abuja, aka aiko mana da ita ta waya, sunanta ɗauki-ɗora ko da an shafa mata turare.

Na san abin da za a ce. Za a ce ƙato bayan ƙato yana da haɗari, tara mutane a layi a irin wannan yanayi ba wasa ba ne, kuma a layi mai kuɗi yana ganin wanda ya bi shi da wanda ya ƙi. Gaskiya ne, ban musa ba. Turawan ma sai a 1872 suka koma ƙuri'ar sirri saboda irin wannan tsoro. Amma idan ana iya kai akwati ranar babban zaɓe, ana iya tara 'yan jam'iyya a hedikwatar gunduma da rana tsaka, a kuma yi wa 'yan gudun hijira wuri inda suke zaune. Sayen mutum dubu goma ya fi sayen mutum ɗari wuya, wannan lissafi ko ɗan firamare ya san shi.

Saboda haka ga abin da nake roƙon matasan ɓangarenmu mu tsaya a kai, kuma mu fara da namu 'yan takarar kafin mu nuna wa wani yatsa. Na ɗaya, duk mai son kujerar nan ya zo gundumomi 21 da ƙafarsa kafin zaɓen fidda gwani, ya zauna a tabarma ya amsa tambaya. Wanda ya ce hanya ba ta biyuwa, to mu a kanta muke kwana. Na biyu, ya yi alkawari gaban jama'a cewa duk wata uku zai dawo ya faɗa mana abin da ya ce a zaure da yadda ya jefa ƙuri'a. Tsarin mulki ya wajabta wa majalisa zama aƙalla kwana 181 a shekara, muna da haƙƙin sanin kwana nawa namu ya halarta da sau nawa ya ambaci sunanmu. Na uku, mu daina auna wakili da yawan babura da buhunan shinkafa. Aikinsa doka ne, da kasafin kuɗi, da titsiye hukumomin tsaro su yi bayani. Na huɗu, mu tuna sashe na 69 ya ba mu ikon kiranye, kuma tun 2018 ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takarar wannan kujera. Ba dole sai mun ƙare rayuwarmu muna liƙa fosta da zagin juna a Facebook ba.

Kakanninmu na zamanin Tara ba su da ƙuri'a, ba a tambaye su ba, kuma da zauren ya rushe a kansu ya faɗo. Mu Allah Ya ba mu abin da ba su samu ba. In muka sayar da shi kan ambulan ɗaya, ba mu da bakin yin kuka gobe.

Ranar kasuwa mai zuwa zan koma in nemi dattijon nan mai jaki. Ina so in ce masa, Baba, wannan karon mu za mu aike shi. Ku taimake ni kada in yi masa ƙarya.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Gobir da Najeriya baki ɗaya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya maido da waɗanda ke daji gida lafiya. Wanda ya ga kuskure a maganata ya gyara mini cikin mutunci, wanda ya yarda kuma ya tura wa deliget ɗin gundumarsa.

Naku,
Shugaban matasa, daga Tsamaye.