Tatsuniyar Tururuwa da Fara: A koyar da ita, amma kada a tsaya inda ta tsaya

Kwanakin baya na zauna a bayan wani ajin firamare a garin Daura, malama na ba yara labarin Tururuwa da Fara. Tururuwa ta kwashe damina tana tara hatsi, Fara kuwa sai waƙa. Da yunwa ta zo, Fara ta je roƙo, Tururuwa ta kore ta. Malama ta ce darasin shi ne lalaci na jawo yunwa. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to Tururuwa ba ta fitar da zakka ne?"

Aji ya fashe da dariya, amma ni ina ganin yarinyar nan ta fi mu fahimtar labarin.

Tatsuniyar baƙuwa ce. Ana jingina ta ga Aesop na tsohuwar ƙasar Girka, sannan marubucin Faransa La Fontaine ya mayar da ita waƙa a 1668. Muna da namu malalacin, wato Gizo, wanda ya fi son wayo da guje wa fartanya, kuma sau da yawa wayon ke kai shi ya baro.

Ban ce a daina koyar da ita ba. Daga Zango zuwa Baure, daga Sandamu zuwa Mai'adua, damina ba ta wuce wata huɗu. Wanda ya yi barci a ruwan shuka, shekara ta wuce shi. Yaro na buƙatar jin wannan tun yana ƙarami, domin karatu ma haka yake.

Matsalar ita ce abin da yaro zai ɗauka ya tafi da shi gida: duk mai jin yunwa malalaci ne. Wannan ba gaskiya ba ne a ƙasar Daura. A nan yunwa ta fi tsanani ne a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba, manomi kuma na duƙe a gona tun asuba. Wani ya yi noma, ruwa ya ɗauke. Wani kuɗin taki ya gagare shi. A ajin nan akwai 'ya'yan irin waɗannan mutane, wasu ko karin kumallo ba su yi ba. Me muka gaya musu game da iyayensu?

Sannan halin Tururuwa ba shi ne tarbiyyarmu ba. Addini ya ɗora wa manomin da amfaninsa ya kai nisabi fitar da ɗaya bisa goma idan ruwan sama ya shayar da gonar. Al'adar gayya kuma ta koya mana a taru a nome gonar wanda ya gaza.

Don haka malamai da iyaye, idan kun kai ƙarshen labarin, ku buɗe tambaya. Me ya hana Fara aiki, ƙyuya ko rashin lafiya? Idan Tururuwa ta ba ta mudu ɗaya, da wane sharaɗi? Me Fara za ta yi a damina mai zuwa? A bar yara su yi gardama, su saƙa nasu ƙarshen.

Muna son yaron da zai tashi ya nema, kuma idan ya samu, maƙwabcinsa ba zai kwana da yunwa ba.