Motar Iyali Ce, Ba Amarya Ba

Duk watan Janairu ana babban gwanjon tsofaffin motoci a garin Scottsdale na jihar Arizona a Amurka, kuma mu da ke da ciwon son tsohon ƙarfe mukan zauna mu kalla ta intanet. A 'yan shekarun nan wani abu ya fara ba mu haushi. Sai ka ga an shigo da wagon na shekarun 1960 ko 1970, doguwa, tana sheƙi kamar an fito da ita daga ruwa, wani yana biye yana goge ta da ƙyalle. An cire injinta na asali an dasa na zamani, an sauke ta ƙasa har cikinta na neman taɓa kwalta, an sa mata manyan wiluna masu ƙyalli, kujerun an lulluɓe su da fatar da ba wanda zai bari yaro ya hau da takalmi. A kan tirela aka kawo ta, a kan tirela za ta koma. Wai wannan shi ne gyara. Mu dai ba mu yarda ba.

Wanda bai san wagon ɗin Amurka ba, ya tuna Fijo 504 mai layin kujeru uku, wadda ta yi shekaru tana jigila tsakanin Kano da Kaduna da Jos, sannan ya ƙara mata tsawo da faɗi, ya ɗora mata inji mai silinda takwas. Sunanta a Turance ma'anarsa motar tasha, domin asalinta motar haya ce da ke ɗaukar fasinja da akwatunansu daga tashar jirgin ƙasa zuwa masauki. Da katako ake yin jikinta a farko. Kamfanin Ford har masana'antar katako ya mallaka a Iron Mountain ta jihar Michigan saboda wannan aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma ƙarfe: Willys a 1946, Plymouth Suburban a 1949. Katakon gaske ya ƙare da Buick ta 1953, amma ido ya riga ya saba, don haka Ford ta ci gaba da manna wa Country Squire ledar roba mai zanen katako a gefe, har aka daina ƙera ta a 1991.

Wannan mota ba don gudu ko burga aka yi ta ba. Ita ce uwa ke kai yara makaranta da ita, ta biya kasuwa, a ƙarshen mako uba ya loda katako da buhunan taki, lokacin hutu a ɗaure akwatuna a saman rufi a nufi garin kakanni. Duk hikimar da injiniyoyi suka zuba mata a bayanta take, inda kaya da yara suke. A 1966 Ford ta fito da ƙofar baya mai buɗewa iri biyu: ka kwantar da ita ƙasa don lodi, ko ka buɗe ta gefe kamar ƙofar ɗaki. Daga 1971 zuwa 1976 General Motors ta yi wadda gilashinta ke shigewa cikin rufi, ƙarfen kuma ya sulale ƙarƙashin daɓe. Oldsmobile Vista Cruiser tana da gilashi a rufi don na baya su ga sama. Sannan ga kujerar nan ta ƙarshe mai kallon baya, inda yara ke zama suna yi wa direban da ke biye gwalo.

To waɗanda yau suke zuba daloli suna mata kwalliya, ina suke lokacin da ake kashe ta? Suna wurin, kuma da hannunsu a ciki. Shekaru da yawa masu tara tsofaffin motoci a Amurka ba su ɗauki wagon a bakin komai ba. Motar mata ce da yara, abin kunya ga saurayi. Fim ɗin barkwanci na 1983, National Lampoon's Vacation, ya ɗauki Country Squire ya ƙara mata muni da gangan don a yi dariya, aka kuwa yi. Abin da ake daraja shi ne Mustang da Camaro da Chevelle, motocin samari masu ƙofa biyu. Da yake wagon da yawa na ɗauke da manyan injuna saboda jan kaya, sai ta zama abin yanka: a saye ta da araha, a zare injin da giya a dasa wa motar gudu, gangar jikin a tura wa masu narka ƙarfe. Waɗanda suka tsira daga wannan suka faɗa hannun masu wasan karon motoci a bukukuwan ƙauye, inda ake gwabza mota da mota har sai ɗaya ta rage tana motsi. Manyan wagon na General Motors na 1971 zuwa 1976 su ne abin nema a wannan wasa, saboda ƙwarinsu. Ƙarfin da aka yi don kare yara shi ya ja musu ajali.

Sauran aikin doka da kasuwa suka ƙarasa. Bayan tsadar mai ta 1973, dokar tsimin mai ta 1975 ta matsa wa motocin fasinja, ta sassauta wa ƙananan motocin kaya. Kamfanoni ba wawaye ba ne. Chrysler ta fito da ƙaramar bas ta iyali a ƙarshen 1983, daga baya manyan jif-jif suka mamaye hanya. A 1996 aka ƙera Buick Roadmaster Estate ta ƙarshe a Arlington ta jihar Texas, aka juya masana'antar zuwa ƙera manyan jif. A 2009 kuma gwamnati ta biya mutane dala 3,500 zuwa 4,500 su miƙa tsofaffin motoci masu shan mai, kusan 700,000, aka zuba wa injunansu wani sinadari a madadin baƙin mai aka bar su suna aiki har suka ƙame. Shirin ya shafi motocin da ba su kai shekara 25 ba, wato daidai zamanin wagon na ƙarshe.

Yanzu da suka yi ƙaranci, sai ga soyayya ta tashi. Yaran da suka yi gwalo a kujerar baya sun girma, sun yi kuɗi, suna neman ƙuruciyarsu. Ba mu ga laifin wannan ba. Laifin yana cikin abin da ake yi wa motar idan an same ta.

Gyaran wagon na gaskiya aiki ne mai cin rai, shi ya sa ake gudunsa. Daga gaba zuwa ƙofofin farko ta yi tarayya da 'yar'uwarta salun, kayan gyara suna samuwa. Daga nan zuwa baya kuwa, sai addu'a. Mai Mustang na iya ɗaga waya ya yi odar gangar jiki sabuwa fil, mai wagon kuwa zai yi wata da watanni yana yawo a makabartar motoci yana neman dogon gilashin gefe guda ɗaya, ko ɗan injin da ke sauke gilashin ƙofar baya. Tsatsa ta fi son ramin safaya da daɓen kaya, domin robar gilashin baya na tsufa ruwa ya dinga kwanciya a can, ga gishirin da ake watsawa a titunan arewacin Amurka lokacin ƙanƙara. Sai an yanke ruɓaɓɓen an lanƙwasa sabon ƙarfe da hannu an yi walda. Ledar katakon nan ma sai an ɓamɓare ta da haƙuri, a manna sabuwa ba tare da kumfa ba a jikin da ya haura mita biyar. Duk wannan wahala ba ta fitowa a hoto. Sabon inji da wiluna masu ƙyalli su ke fitowa, su ke ɗaga farashi.

Za a ce mana motarsa ce, kuɗinsa ne, ina ruwanku. Haka ne, ba wanda zai kai shi kotu. Amma ba a ƙara ƙera Vista Cruiser, kuma duk wadda aka yanke aka sauya ta tafi ke nan. Za a kuma ce tsohuwar mota ba ta da tsaro. Nan kam mun yarda, kuma ba ma cikin masu tsattsauran ra'ayin da ke ƙirga ƙusa suna duba lambar kowane noti. A sa mata birki na zamani, a sa bel a kowace kujera, a sake wayoyin wuta kafin su tashi gobara. Duk abin da zai sa a yarda a ɗora yara a ciki, gyara ne. Abin da muke ƙi shi ne sauyin da ke raba ta da aikinta: a sauke ta har ta kasa ɗaukar buhu biyar, a shimfiɗa mata kafet ɗin da ake tsoron taka shi, a cire kujerar baya don a jera lasifiƙa.

Masu tsattsauran ra'ayin ma ba su tsira ba. Wanda ya mayar da Country Squire yadda ta fito daga kamfani, sannan ya kulle ta a gareji mai na'urar sanyi yana tsoron kada lambar mil ta motsa, shi da mai wilunan ƙyalli duk kanwar ja ce. Ɗaya ya yanka ta, ɗaya ya binne ta da rai.

A nan bakanikenmu na gefen hanya zai iya koya musu karatu. Shi da ya riƙe 504 a kan titi shekara talatin da guduma da walda bai taɓa tambayar ko fentin na asali ne ba. Tambayarsa ita ce za ta kai Jos da mutanenta da kayansu ta dawo? A hotunan gwanjon da muke kalla, har yau ba mu ga wanda ya buɗe ƙofar baya ya ɗaga kujerar yara ya gwada zama a kai ba kafin ya ɗaga hannu.